Gajeren Zango ko Intanet? Tarihin Muryoyin da Suke Zuwa Mana Daga Nesa

Kwanakin baya wani dattijon ikkilisiya ya tare ni bayan sujada da wata tambaya. Akwatin rediyonsa, wanda ya yi shekara da shekaru yana ji da shi, ya mutu, mai gyara kuma ya ce babu kayan gyaransa a kasuwa. Ɗansa da yake aiki a Abuja ya ce kada ya sayi wani, shi zai aiko masa da babbar waya, gama duk shirin da yake so yana cikin intanet. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, in yarda ko in ƙi?"

Ban amsa masa nan take ba, domin na san tambayar ta fi gidansa girma. Ita ce tambayar da kwamitocin ikkilisiya suke yi sa'ad da suka zauna a kan kasafin kuɗin shekara, suka ga abin da sayen lokaci a rediyo yake ci. Ita ce kuma tambayar da manyan gidajen rediyon duniya suke ta fama da ita tun shekarar 2001. Saboda haka, 'yan'uwa masu karatu, bari mu koma baya mu ga yadda muryoyin nesa suka fara shigowa gidajenmu, da abin da ya same su a hanya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi garajen jefar da kome ba.

Yadda murya take tsallake ƙasashe

Tashar FM da kuke ji a garinku muryarta tana tafiya a miƙe, kamar hasken tocila. Dutse ya tare ta, ta tsaya. Shi ya sa mutumin da yake bayan tsauni a Filato ko a Mambila yakan rasa tashar da maƙwabcinsa na kan tudu yake ji garau. Gajeren zango dabam yake. Can sama, fiye da kilomita ɗari daga ƙasa, akwai wani sashen sararin sama wanda hasken rana yake cika shi da lantarki. In aka harba muryar gajeren zango ta doki wannan sashe, sai ta lanƙwaso ta sauko a wata ƙasa mai nisan dubban kilomita, wani lokaci ma ta sake tashi ta sake sauka. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Appleton shi ya tabbatar da wannan sashe a 1924, ko da yake tun 1901 Marconi ya riga ya aika da sigina daga Ingila ta haye teku zuwa Kanada ba tare da an gane dalili sosai ba.

Da yake rana ce take sarrafa wannan sashe, yakan canja da safe da dare, da rani da damina, har ma da wani zagayen rana na shekara goma sha ɗaya. Dalilin ke nan iyayenmu suka san cewa da rana a kan mita 19 ko 16 ake neman tasha, da dare kuwa a sauko mita 31 ko 41 ko 49. Ba su karanta kimiyya ba, amma yatsunsu sun haddace wurin. Dalilin ke nan kuma muryar takan yi kamar za ta tafi, ta dawo, ta sake nutsewa cikin ƙugi.

Masu bi ba su yi jinkirin ganin amfanin wannan abu ba. A ranar Kirsimati ta 1931 tashar HCJB ta fara magana daga birnin Kito na ƙasar Ekwado. A cikin shekarar nan kuma, a watan Fabrairu, aka buɗe Rediyon Batikan, Marconi da kansa ya kafa na'urorin. BBC ta fara watsa wa ƙasashen da Ingila take mulka shirye-shirye a Disamba 1932, wato shekarar da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa karo na fari. Amma a lokacin rediyo kayan Turawa ne da manyan ma'aikata. Sai da ƙaramin rediyo mai aiki da batir ya fito, daga 1954 zuwa gaba, sa'an nan talaka ya fara sa rai.

Monrobiya da Adis Ababa

A ranar 18 ga Janairu 1954 gidan rediyon ELWA ya fara aiki a bakin teku kusa da Monrobiya, babban birnin Laberiya. Wasu samari 'yan Amurka ne suka fara tunanin, sa'an nan suka haɗa kai da mishan ɗin SIM, Shugaba Tubman kuwa ya ba su izini da fili. Haruffan nan huɗu asalinsu lambar tasha ce, amma aka ba su ma'ana da Turanci, wato madawwamiyar ƙauna tana ribato Afirka. Da ƙaramar na'ura suka fara, wadda ba ta wuce kewayen Monrobiya ba. Bayan sun kafa na'urorin gajeren zango sai muryarsu ta kai Nijeriya, har a ƙarshe suka yi ta magana da harsuna fiye da 40.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai wa'azin da suke ji daga Laberiya bai taɓa taka Laberiya ba. A nan gida yake. Akwai ɗakin ɗaukar murya a Jos, akwai wani a Igbaja a ƙasar Yarbawa. Fasto ya zauna a Jos ya yi koyarwarsa da Hausa, ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata su rera waƙa, a ɗauka a kan tef, a naɗe, a sa a jirgi zuwa Monrobiya. Bayan makonni sai muryar ta dawo ta sararin sama ta sauka a ƙauyen da bai fi tafiyar yini ɗaya daga Jos ba. Tafiyar dubban kilomita domin a kai wa maƙwabci saƙo! Ba wauta ba ce. Gidajen rediyon ƙasarmu duka na gwamnati ne a lokacin, lokacin da ake ba addini kaɗan ne, kuma ba ikkilisiya take da ikon faɗin yaushe ko nawa ba.

Na biyun ya zo daga gabas. A ranar 26 ga Fabrairu 1963 Sarki Haile Selassie ya buɗe gidan rediyon da Tarayyar Lutheran ta Duniya ta gina a Habasha, mai suna Muryar Bishara, da manyan na'urori biyu masu ƙarfin kilowat ɗari ɗari. Tsarinsu ya bambanta da na ELWA. Sun ƙudura cewa kashi 30 cikin ɗari na shirye-shirye su zama na wa'azi da koyarwa, sauran kashi 70 kuwa labarai ne da noma da kiwon lafiya da tarbiyyar iyali, gama sun ce Bishara ta shafi mutum ɗungum. Su ma ba a Adis Ababa ake shirya yawancin shirye-shiryen ba. Ikkilisiyoyin kowace ƙasa suna da nasu ɗakin ɗaukar murya. Na Hausa yana Jos, sunansa ma Muryar Bishara. Na Fulatanci, Sawtu Linjiila, aka kafa shi a Ngawundare ta Kamaru a 1966.

Ina tunawa da akwatin mahaifina. Yana da rigarsa ta fata, yana da wurin zamansa a kan taga, yaro kuma bai isa ya taɓa shi ba. In batir ya yi sanyi, sai a shanya shi a rana da fatan ya ƙara kwana biyu. Da yamma maƙwabta sukan taru a ƙofar gidanmu, maza a kan benci, mata a kan tabarma suna ɓarar gyaɗa. Kakata ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa da ta ciniki, saboda haka in mai wa'azi ya ja numfashi sai mahaifina ya juya mata maganar da yarenmu, da sauri, kafin a ci gaba. In ya yi jinkiri ta zungure shi da sandarta. Ku riƙe wannan hoton na kakata, gama za mu dawo kansa.

Rediyon nan bai tsaya a kunne kaɗai ba. Mutane sun yi ta rubuta wasiƙu zuwa Jos, suna tambayoyi, suna neman waƙa, suna shiga karatun Littafi Mai Tsarki ta hanyar wasiƙa. Da waɗannan wasiƙu ne ake gane ko ana ji, domin babu wata hanyar ƙirga masu sauraro. ELWA ma ta rarraba ƙananan akwatuna da aka ɗaure su a kan tasharta kaɗai, a ba mai bishara ya kai ƙauye, jama'a su taru su ji.

Abin da ya faru a 1977 da 1990

Wanda yake yabon gajeren zango dole ya faɗi wannan sashen tarihi kuma. A 1974 sojoji suka hamɓarar da Haile Selassie. A ranar 12 ga Maris 1977 suka shiga gidan Muryar Bishara suka ƙwace shi, suka sa masa sunan juyin juya halinsu. Mai sauraro a Numan ko a Langtang ya murɗa akwatinsa da yamma kamar kullum, bai sami kowa ba. Ma'aikatan Jos da na Ngawundare suna nan da ransu, tef yana nan a naɗe, amma babu bakin da zai faɗa. Dole suka shiga neman sayen lokaci a wasu tashoshi, nan kaɗan can kaɗan.

ELWA ta ƙara shekara goma sha uku. Yaƙin basasar Laberiya ya ɓarke a ƙarshen Disamba 1989, kafin tsakiyar 1990 kuma ya iso Monrobiya. Dubban mutane suka gudu suka fake a harabar ELWA. A watan Yuli 'yan tawaye suka mamaye wurin, aka kwashe ma'aikata, aka ragargaza na'urorin. An yi ƙoƙarin farfaɗowa, sai aka sake washe wurin a 1996, gobara kuma ta cinye ginin rediyon a 2011. Tashar ta tashi bayan kowace faɗuwa, abin a yaba ne, amma a matsayin tashar mutanen Laberiya. Babbar muryar nan da take kaiwa Filato da Adamawa ba ta dawo kamar dā ba. (Yaran yanzu in sun san sunan ELWA, to, saboda asibitinta ne da aikin da ta yi lokacin cutar Ebola a 2014.)

Ga darasin da shugabannin ikkilisiya na wancan zamani suka koya da hawaye: gajeren zango yana tsallake kowace iyaka, amma duk ƙarfinsa a fili ɗaya yake tsaye. Soja goma da mota ɗaya sun isa su rufe bakin da miliyoyi suke ji.

Wani zai ce, to me ya hana ikkilisiya ta gina tata tashar a gida? A 1992 gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 38 wadda ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin. Amma dokar nan ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi. Wannan ya shafi Kirista da Musulmi duka, kuma wanda ya san irin rikicin da ƙasarmu ta sha zai gane abin da masu dokar suke tsoro. Sakamakonsa dai shi ne, ikkilisiya sai ta sayi minti goma sha biyar ko talatin a tashar jiha ko ta ɗan kasuwa, ko kuwa ta sake duban ƙetare. Shi ya sa ƙungiyar Trans World Radio, wadda ta fara a Tanja ta ƙasar Maroko a 1954, ta kuma kafa tashar gajeren zango a Suwazilan a 1974, ta zo ta gina wata kusa da Paraku a Jamhuriyar Benin. Ta fara aiki a 2008 a kan matsakaicin zango, kilohaz 1566, aka kuma ƙara na'ura ta biyu mai ninkin ƙarfin ta fari a 2020, aka fuskantar da ita Nijeriya. Matsakaicin zango da rana ba ya nisa, amma da dare shi ma yakan doki sama ya sauko. Ku lura da shekarun nan. A daidai lokacin da ake cewa rediyon nesa ya mutu, waɗansu suna zuba kuɗi suna gina sabo.

Manyan gidaje suna kashe na'urori

Gaskiya ne dai cewa da yawa sun janye. A 2001 BBC ta daina watsa gajeren zango zuwa Amurka ta Arewa da Ostareliya, ta ce mutanen can suna da FM da intanet. HCJB ta sauke manyan eriyoyinta saboda sabon filin jirgin saman Kito, ta rufe yawancin aikin gajeren zangonta a 2009. A 2012 gidan rediyon Kanada na ƙetare ya kashe nasa, Batikan kuma ta rage nata zuwa Turai da Amurka. Jamus ta rufe babbar tasharta ta Kigali a 2015. Dalili ɗaya ne a ko'ina, wato kuɗi. Na'ura mai ƙarfin kilowat ɗari ko ɗari biyar tana shan wutar da za ta ishi unguwa guda, ga filin eriya mai faɗin gona, ga injiniyoyi.

Ba duk wanda ya rufe ne ya ji daɗi ba. Ostareliya ta kashe gajeren zangonta a Janairu 2017, mutanen ƙananan tsibiran tekun Fasifik kuwa suka yi kuka, domin da shi suke jin gargaɗin guguwa sa'ad da tashoshinsu na gida suka faɗi. A Maris 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukren aka fara harbin hasumiyoyin talabijin, BBC ta koma ta kunna gajeren zango zuwa can, abin da ta riga ta bari a Turai shekaru da yawa.

Akwai kuma wani labari da ya kamata mu tuna kafin mu yi rantsuwa da kowane sabon abu. A 1998 kamfanin WorldSpace ya harba tauraron ɗan adam domin Afirka, aka ce rediyon tauraro zai binne gajeren zango, murya garau babu ƙugi. Akwatin yana da tsada, daga baya aka sa kuɗin wata. A 2008 kamfanin ya karye. Waɗanda suka sayi akwatin suka ajiye shi a kan kabad.

Abin da intanet ya kawo

Yanzu mu koma wurin kakata da sandarta. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. 'Yan mishan na SIM da na SUM, tun farkon ƙarni na ashirin, sun ɗauki Hausa ta zama harshen sujada da makaranta a yawancin ƙasashenmu, domin ba su da ma'aikatan da za su koyi kowane yare. Rediyon nesa ya bi wannan sawu, kuma ba shi da zaɓi. Sa'a ɗaya a kan babbar na'ura tana da tsada, ba za a ba yaren mutum dubu hamsin ita ba alhali ga harshen da miliyoyi suke ji. Hausa ta haɗa mu, Ngas da Bachama da Bajju da Tangale muka zauna a benci ɗaya muka rera waƙa ɗaya, ba na raina wannan. Amma mu faɗi gaskiya, akwatin nan ya taimaka wajen koya wa 'ya'yanmu cewa maganar Allah da maganar ilimi da Hausa ko Turanci ake yinsu, yaren gida kuwa na kicin ne da gona. Yau akwai gidajen da jika ba ya iya gaida kakarsa da yarenta.

A nan ne intanet ya yi abin da gajeren zango bai taɓa iyawa ba. Wayar salula ta shigo ƙasarmu a 2001, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka ƙaru a Legas a 2010, daga nan waya mai shafawa ta yi ta yaɗuwa. A intanet babu layin jira. Shirin yaren mutum dubu biyar yana iya zama kusa da na Turanci, ba wanda ya ture wani. Ƙungiyar da wata baiwar Allah mai suna Joy Ridderhof ta kafa a 1939, wadda ta yi ta yawo tana ɗaukar muryoyin mutane a faifan garmaho, yau tana da saƙonni da harsuna da karin harshe fiye da dubu shida, ana kuma samunsu a waya. Ƙungiyar Faith Comes By Hearing ta ɗauki karatun Sabon Alkawari da harsunanmu masu yawa, tana aiki a kan fassarar da masu juyi irin na NBTT a Jos da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya suka yi. Da kakata tana da rai, da ba ta bukaci tafinta ba.

Ga kuma wasu alherai. Shirin da ya wuce ka yana nan yana jiranka, ba sai ka baro gona da gudu ba. Murya tana fita sarai. Ɗanmu da yake karatu a Ingila ko yake aikin soja a Maiduguri yana iya jin sujadar ikkilisiyar ƙauyensu. Ƙaramar ikkilisiya da ba ta da kuɗin sayen minti biyar a rediyo tana iya ɗaukar koyarwar fastonta da waya ta tura wa mutane ɗari ta WhatsApp.

Wa yake biya, wa yake iya rufewa

Amma a duba wanda yake biya. A gajeren zango mai aikawa ne yake ɗaukar nauyi. Ko mutum goma ne suke ji ko miliyan goma, kuɗin wutarsa ɗaya ne, mai sauraro kuwa batir kawai ya saya. A intanet an juya kayan an ɗora wa mai sauraro. Bari mu yi lissafi. Murya mai matsakaicin kyau tana cin wajen megabait 29 a sa'a guda. Wanda yake jin shirin rabin sa'a kowace rana zai ƙone fiye da megabait 400 a wata, wannan kuwa murya ce kaɗai, in da hoto ne sai a ninka sau da yawa. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin caji a shagon mai janareta. Ga hawa tudu neman sabis. Sa'ad da gidan rediyo ya ce ya koma intanet domin ya rage kashe kuɗi, kuɗin bai ɓace ba, an mayar da shi aljihun gwauruwar da take ƙauye ne.

Na taɓa zama a wani taron kwamiti inda aka kawo shawarar a daina sayen lokacin rediyo. Wani matashi mai himma ya nuna mana a takarda yawan waɗanda suka danna shirinmu a Facebook, da garuruwan da suke. Rediyo ba shi da irin wannan takarda. Na tambaya ko akwai wanda ya je ƙauyukan bayan dutse ya ƙirga tsofaffin da suke taruwa a gindin akwati ɗaya, sai aka yi shiru. Abin da ake iya ƙirgawa yakan ci nasara a taro a kan abin da ba a iya ƙirgawa, ko da na biyun ya fi yawa. Masu ba da taimako daga ƙetare ma lambobi suke so su gani.

Wannan ƙirgar tana da wata fuska. Abin da yake iya ƙirga ka ya san ka. Waya tana ajiye tarihin abin da aka buɗe, layin kuma da sunanka da lambar shaidarka aka yi masa rajista. Akwatin rediyo ba ya riƙe kome, ka murɗa shi ya manta. Akwai mutanen da suke sauraron waɗannan shirye-shirye a gidajen da in an gane za su sha wahala. Mu da muke sujada a sarari mukan manta da su sa'ad da muke yanke shawara.

Sai batun rufewa. A Mayu 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an kashe sabis ɗin waya a Borno da Yobe da Adamawa. A 2017 gwamnatin Kamaru ta yanke intanet a yankin masu Turanci wajen wata uku. A Satumba 2021 aka kashe sabis a Zamfara, sa'an nan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa, har bankuna suka kasa aiki sosai. A dukan waɗannan kwanaki mai akwatin gajeren zango ya ci gaba da jin duniya. Kuma ku lura, ranar da aka fi bukatar labari da ta'aziyya, ranar gudu da tashin hankali, ita ce ranar da sabis yakan ɗauke.

Kada dai mu mai da gajeren zango abin da ba shi ba. A Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, Sashen Hausa da yake magana tun 1979 ya yi shiru a rediyo da intanet gaba ɗaya. Babu soja, babu yaƙi, sa hannu ne a takarda. In mai magana ya rufe baki, ko wace irin na'ura kake da ita ba za ta amfane ka ba. Akwai kuma wata sabuwar damuwa a cikin gari: ƙananan caja masu araha da fitilun zamani da injin canja wutar sola suna fitar da ƙara wadda take cika gajeren zango da ƙugi. Mutane da yawa sun ce tashoshin sun ɓace, alhali cajar da take kusa da akwatin ce take hana su ji. A ƙauyen da babu wuta an fi jin gajeren zango da kyau fiye da Jos ko Kaduna.

Amsar da na ba dattijon

Mako biyu bayan haka na je gidansa. Na ce masa ya karɓi wayar, kada ya ɓata wa ɗansa rai, amma ya ce wa ɗan ya haɗo da ƙaramin rediyo, gama kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wayar ba. Ya tabbata akwai SW da MW a rubuce a jikinsa, domin da yawa a kasuwa yanzu FM ne kaɗai. In an sami mai sola ko mai karɓar katin memori, ya fi. In murya ta yi rauni, ya ɗaura siririyar waya mai tsawon taku goma a eriyar ya rataye ta a bishiya, amma ya kwance ta in hadari ya taso. Ya kuma sani cewa tashoshin gajeren zango sukan canja mita sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, kada ya ce sun mutu in bai same su a wurin jiya ba.

Game da wayar kuwa, na ba shi shawara kada ya riƙa sauraro kai tsaye yana ƙona data kowace rana. Jikarsa da take makaranta a gari ta sauke karatun Littafi da yarensu da koyarwar wata guda a lokaci ɗaya, a inda sabis yake da ƙarfi, ta zuba a katin memori. Kati ɗaya zai zaga gida goma, ana turawa daga waya zuwa waya ba tare da an biya ko kwabo ba. Ga kwamitocin ikkilisiya kuma ra'ayina bai canja ba: kada a yanke lokacin rediyo sai an aiki mutum da ƙafarsa ya je ya ga su wa za a bari a baya, a kuma rubuta sunayen ƙauyukan a cikin rahoton taro.

Dattijon ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya shiga ɗaki ya fito da mataccen akwatin. A jikin gilashinsa akwai wurare uku da aka ɗiga jan fenti. Ya nuna mini da yatsa: wannan Monrobiya, wannan Adis Ababa, wannan Kaduna. Ya ce matarsa marigayiya ce ta ɗiga su da jan farce, domin ba ta iya karanta lamba ba. Ya tambaye ni ko sabon akwatin zai kasance da gilashin da za a iya ɗiga wa fenti, na ce masa ya gaya wa ɗansa ya nemo mai allura, kada ya sayo mai lambobin lantarki.